Yawon Shan Iska da Iyali a Yankin Tafkunan Ingila

Duk wanda ke zaune da iyali a Manchester ko Leeds ya san yadda rayuwar yara take a can: daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai latsa waya. Alhali tafiyar kamar awa biyu ce zuwa Lake District, yankin tafkuna da duwatsu da ke arewa maso yammacin Ingila, wanda gwamnati ta keɓe tun 1951, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. A nan Windermere yake, tafki mafi girma a Ingila, mai tsawon kusan kilomita 17. A nan kuma Scafell Pike yake, dutsen da ya fi kowanne tsayi a ƙasar, mita 978.

Mai iyali ya cire wannan dutse daga lissafinsa. Fita da yara ana auna ta ne da ƙafar autan gida da gwiwar kaka, ba da kuzarin maigida ba. Abin daɗin shi ne, wuraren da suka fi kyan kallo a yankin ba sa neman wahala.

Idan a jirgin ƙasa aka zo, da an fito tashar Windermere sai a tsallaka titi, ga hanyar Orrest Head nan. Tudu ne mai tsayin mita 238, da yara ma rabin awa ya isa a kai ƙololuwarsa, daga nan kuma sai ga tafkin a shimfiɗe, duwatsu sun jeru a bayansa.

Amma a ganina babu kamar Tarn Hows, tsakanin ƙauyukan Coniston da Hawkshead. Ƙananan tafkuna uku ne aka datse ruwansu a ƙarni na 19 suka haɗe wuri guda. Beatrix Potter, marubuciyar littattafan yara, ta sayi filin a 1930, yanzu kuma yana hannun ƙungiyar National Trust. Hanyar da ta zagaye ruwan kamar kilomita 3 ce, a gyare take, har keken tura jariri yana bi, ko da yake akwai 'yan hawa da gangara da za su sa mai turawa haki. Dogayen itatuwa sun kewaye bakin ruwan, ga ciyawa inda za a shimfiɗa tabarma. Matsalarsa ɗaya: titin zuwa can matsattse ne, wani wurin sai mota ta tsaya ta ba wata hanya, kuma wurin ajiye motoci yakan cika da wuri lokacin hutun makaranta. A yi sammako.

Wanda zama kawai yake so, ya nufi Fell Foot a kudancin Windermere, inda akwai filin wasan yara da kwale-kwalen haya. A Keswick kuma, daga bakin tafkin Derwentwater zuwa Friar's Crag tafiyar 'yan mintuna ce a miƙe. Yaran da suka tasa, masu cewa su dutse za su hau, a tsallaka da su a jirgin ruwa zuwa gindin Catbells, mai mita 451. Sai dai kusa da ƙololuwa akwai inda dole a dafa da hannu, don haka ba wurin mai goyo ba ne.

Abin da ke yaudarar baƙo shi ne yanayi. Ƙauyen Seathwaite yana samun ruwan sama wajen milimita 3,500 a shekara, fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu. Ana iya fita rana ƙwal, kafin azahar hazo ya rufe hanya. Kowa ya tafi da rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa. Silifas da doguwar riga mai jan ƙasa su jira a mota. Ruwan tafkin shi ma ko a watan Yuli sanyi gare shi, irin sanyin da ke ɗauke numfashin wanda ya faɗa ciki, ko da gwanin iyo ne. Kada a kau da ido daga yaro a bakin ruwa.

Abincin halal ba shi da yawa a ƙauyukan, gara uwargida ta cika kula da dafa-duka, a haɗa da fulas ɗin shayi da dardumar sallah. Ba a hura wuta a daji, kuma sharar da aka tara ana komawa da ita. Yawancin hanyoyin ta cikin gonakin mutane suke ratsawa, inda tumakin Herdwick ke kiwo, saboda haka ƙofar da ka samu a rufe ka mayar da ita a rufe. Za a kuma haɗu da karnuka birjik, domin Turawa da su suke yawo. A sanar da yara tun daga gida kada su ruga da gudu.

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu duhu ya fara. Sabis ɗin waya ma yakan ɗauke a cikin kwazazzabai, don haka a sauke taswira tun kafin a tashi. Idan wani ya ji ciwo ko an ɓata, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto na kan duwatsu.