Baki ke yanke farashi: Yadda shekarun doki ke tasiri a cinikinsa, daga Kaya zuwa kasuwar Mafara

Idan aka jawo doki gaban mai saye a kara, wanda ya san dawaki ba ya gaggawar tayi. Zai zagaya shi, ya shafa ƙafafunsa, ya ɗaga kofato, sannan ya dawo gaba ya kama haɓa, ya ɗage leɓe ya leƙa baki. Abin da ya gani a wannan ɗan lokaci shi zai sa ko dai ya juya ga dillali ya ce, "Alhaji, nawa aka taya?" ko kuma ya saki ragama ya wuce.

Shekaru yake nema. Dokin karkara ba shi da takardar haihuwa, sau da yawa ma ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ya iso wurin mai shi na yanzu. Shaidar da ta rage ita ce haƙori.

Ga mai doki a Kaya, cikin Ƙaramar Hukumar Maradun ta Jihar Zamfara, ko a ƙauyukan Bakura, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Doki dukiya ce da ake kwancewa idan aure ya taso, ko rashin lafiya, ko damina ta ƙi. Kuskuren shekara uku a bakin dillali na iya zama bambanci tsakanin biyan buƙata da faɗuwa.

Kasuwa ta koma cikin waya

Ɗaya daga cikin manyan kasuwannin wannan yanki ita ce ta Talata Mafara, wadda ke ci ranar Talata, har garin ya samo sunansa daga gare ta. Amma matsalar 'yan bindiga ta sa kora dabba mai daraja a kan hanya ya zama kasada.

A watan Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, ta rufe kasuwannin mako-mako tare da hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Daga baya an sassauta matakan, sai dai fargabar hanya ba ta gushe ba.

A irin wannan hali, mai saye daga Sakkwato, Katsina ko Kano ba kasafai zai taso don ganin doki ɗaya ba. Ya fi son a fara turo masa hoto da bidiyo ta WhatsApp. Ke nan mutumin da a da zai buɗe bakin doki da hannunsa, yanzu ya dogara da abin da aka rubuta masa. Tambayarsa ta farko kuwa ba ta sauya ba: shekararsa nawa?

Yadda ake karanta bakin doki

Doki yana da haƙoran gaba goma sha biyu, shida sama, shida ƙasa. Duƙushi yana fara rayuwa da ƙananan haƙora farare tas, masu siririn wuya a wajen dasashi. Famfararsa kuwa tana bin tsari kamar an sa mata lokaci.

Yana da kimanin shekara 2 da rabi zai zubar da na tsakiya, manya su maye gurbinsu. A shekara 3 da rabi sai na kusa da su. A shekara 4 da rabi sai na gefe. Idan ya cika shekara 5 baki ya kammala, kuma a tsakanin shekara 4 zuwa 5 ne fiƙa ke fito wa namiji. Yawancin goɗiyoyi ba su da fiƙa, ko kuma ta fito 'yar mitsitsiya.

Daga nan sai a koma duba cinyewar haƙori. Kowane sabon haƙori yana da wani baƙin rami a samansa. Tauna na goge shi a hankali: galibi yakan ɓace daga na tsakiya na ƙasa a shekara 6, na kusa da su a shekara 7, na gefe a shekara 8.

Bayan wannan, sai siffa. Saman haƙorin matashin doki yana da faɗi kamar ƙwai a kwance. Da tafiya ta yi tafiya yakan zama zagaye, a tsufa kuma ya koma mai kusurwa uku. Haƙoran da a da ke haɗuwa a miƙe sukan tsinkayo gaba, su yi tsawo, su yi ɗorawa.

Akwai kuma wata tsaga da ke bayyana a jikin haƙorin gefe na sama, wadda likitocin dabbobi ke kira da sunan Sydney Galvayne, wani mai horar da dawaki da ya yayata ta a ƙarni na 19. Takan fara leƙowa daga dasashi a wajen shekara 10, ta kai rabin haƙori a 15, ta kai ƙarshe a 20.

Sai dai wannan ilimi yana da iyaka. Daga haihuwa zuwa shekara 5 lissafin kusan ba ya kuskure. Daga 6 zuwa 8 ana iya kusantar gaskiya. Idan doki ya haura 10, ko ƙwararren likita kirdado yake yi. Abinci ma yana sa baki: dokin da ke kiwo a fako, yana haɗa ciyawa da yashi, haƙoransa sun fi saurin cinyewa, sai ya yi kamar ya girmi shekarunsa. Don haka dillalin da ya rantse cewa doki shekararsa 13 cif, ba tare da ya san ranar haihuwarsa ba, ya faɗi abin da baki ba zai iya tabbatarwa ba.

Kowane shekaru da mai nemansa

Doki kan rayu shekara 25 zuwa 30 idan ya samu kulawa, amma darajarsa a kasuwa ba ta tafiya a miƙe. Takan hau, ta tsaya, sannan ta gangaro.

Duƙushi yana da araha, domin mai sayensa wahala ya saya. Zai yi shekara biyu ko uku yana zuba masa harawa, dusa, gero da kanwa kafin ya ɗora masa sirdi. Ƙashin doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6, kuma ƙashin baya ne ke zuwa a ƙarshe. Wanda ya matsa wa ɗan shekara 2 da nauyi da sukuwa yana iya lalata masa gaɓoɓi tun bai fara aiki ba.

Tsakanin shekara 5 zuwa 10 ko 12 ne doki ke kan ganiyarsa. Jiki ya cika, hali ya bayyana, ya san linzami, kuma da sauran shekarun aiki masu yawa a gabansa. A nan masu saye suka fi cunkoso, a nan kuma mai doki ya fi samun bakin cewa "albarka".

Amma ba kowa ke neman abu ɗaya ba. Mai sukuwa yana son matashi mai zafin jini. Haka abin yake a ko'ina: shahararren tseren Kentucky Derby na Amurka 'yan shekara 3 kaɗai ke shigarsa. Masu ƙwallon doki, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ɗaukaka a ƙasar Hausa, suna buƙatar wanda ya ɗan manyanta ya kuma sha horo, domin juyi da tsayuwa nan take ba a koyonsu a wata guda.

Shi kuwa shamaki da ke nema wa hakimi ko sarki dokin hawa, hankali yake saye. Yana son ingarman da ƙarar bindiga, kakaki, tambari da guɗa ba za su firgita ba, wanda zai tsaya cak a tsakiyar taro yana ɗauke da mutum mai rawani da alkyabba. Ɗan shekara 4 ba kasafai yake da wannan natsuwar ba. Ɗan shekara 10 da ya halarci hawa da dama ya fi shi daraja a idon shamaki.

Ko dokin da ya haura 15 yana da kasuwarsa: mai koya wa ɗansa hawa, ko mai bayar da haya don hawan angwanci da na saukar Alƙur'ani, ya fi samun kwanciyar rai da shi. Tsohuwar zuma, in ji Hausawa, da ita ake magani. Goɗiya kuwa lissafinta daban ne. Cikinta wata 11 ne, ɗa ɗaya take bayarwa a shekara idan an dace, kuma ɗaukar cikinta yana raguwa idan ta doshi 15. Mai sayenta yana ƙirga 'ya'yan da suka rage mata ne.

Jira ma asara ne

Buƙatar dawaki takan tashi idan Sallah ta gabato. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Amma a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 'yan sanda sun hana hawan saboda rikicin masarauta.

Wannan darasi ne ga mai turke doki yana jiran farashi ya ƙara. Hatsi ana iya ajiye shi a rumbu, doki kuwa kullum sai ya ci, kuma kowace Sallah da ta wuce shekara ce ta ƙaru a bakinsa. Mai ɗan shekara 3 yana iya jira, domin darajarsa hawa take yi. Mai ɗan shekara 12 da ya yi niyyar sayarwa, lokaci ba ya tare da shi.

Dabarun ɓoye tsufa

Tunda shekaru na taɓa farashi, ha'inci a kansu tsoho ne a duk inda ake cinikin dawaki. Littattafan likitancin dabbobi na Ingila sun daɗe da bayanin yadda ake goge haƙoran tsohon doki a rage musu tsawo, a huda rami a samansu a ƙona shi ya yi baƙi, don ya yi kama da na ɗan shekara 7. Akwai kuma akasin haka: a cire wa duƙushi haƙoran yarinta kafin lokacinsu don a ce ya isa hawa. Wasu sukan rina furfurar da ke fitowa a gefen ido da hanci.

Mai lura yana ganewa. Ramin asali yana da farin zobe mai ƙarfi kewaye da shi, na bogi ba shi da shi. Kuma babu mai iya mayar da haƙori mai kusurwa uku zuwa siffar ƙuruciya. Jiki ma yana tona asiri: kwarmi a saman ido, lotsawar baya, saukowar leɓen ƙasa, da tauna da ke zubar da dunƙulen ciyawa.

Launi kaɗai ba hujja ba ne. Akwai dawakin da ake haifa da duhun gashi, su zama hurde, sannan su yi fari tun suna da ƙarfinsu. Farin gashin irin waɗannan gado ne.

A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zamfara, littafin Risala ya hana algus, yaudara da ɓoye aibi a ciniki, kuma mai saye yana da damar mayar da abin da ya gano an ɓoye masa aibinsa. A harkar da kowa ya san kowa, dillalin da aka kama sau ɗaya ya daɗe yana biyan bashin sunansa.

Tallar da ke jawo mai saye na gaske

A Turai doka ta wajabta wa kowane doki fasfo, da wani ɗan ƙanƙanin guntu na lantarki da ake sakawa a wuyansa mai ɗauke da lambarsa. Dawakin tsere na asali ma ranar ƙarin shekara ɗaya gare su: 1 ga Janairu a Ingila da Amurka, 1 ga Agusta a Ostareliya. Mai doki a Kaya ba shi da wannan tsari, amma wayar da ke aljihunsa na iya cike wani gurbi.

Abu na farko shi ne a sa shekaru a layin farko na talla. Tallar da ta yi shiru a kan shekaru, mai saye yakan ɗauka tsoho ne ake ɓoyewa. Idan a gida aka haifi dokin, a faɗi shekarar, ko a danganta ta da abin da kowa ya sani, kamar damina ko Sallar da aka haife shi. Idan saye aka yi, a faɗi yaushe, a kuma ce "tsakanin 9 zuwa 11" maimakon a ƙirƙiri lamba ɗaya.

Na biyu, hoton baki guda uku da hasken rana: daga gaba, daga gefe, da saman haƙoran ƙasa. Sai hoton dokin a tsaye ba sirdi, ba kayan ado, domin jalala da dumbin kwalliya suna rufe baya da haƙarƙari, wuraren da mai saye ya fi son gani.

Na uku, bidiyo ba yanke-yanke: a jawo shi ya zo ya koma a kan ƙasa mai tauri, a ɗaura masa sirdi a gaban kyamara, a hau, ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya yi sukuwa, ya tsaya. Ɗingishi da taurin gaɓa a nan suke fitowa, lafiya ma a nan take bayyana.

Na huɗu, a faɗi aikin da ya iya, a kuma kai tallar inda masu wannan buƙata suke. Tallata ɗan shekara 14 ga masu sukuwa ɓata lokaci ne, alhali ga mai neman dokin da zai ɗora yaro, shekarun su ne abin so. Idan akwai tabo, tsohon rauni ko hali irin na cizo da harbi, gara a faɗa tun a waya, kafin mutum ya biya kuɗin mota ya bi hanyar Mafara.

Shi ma mai saye yana da nasa nauyi. Biyan kuɗi a kan bidiyo kaɗai cinikin biri a sama ne. Ya tura wanda ya yarda da shi, ko ma'aikacin lafiyar dabbobi, ya buɗe bakin da hannunsa kafin a ce "na sallama".

Shekaru suna yanke wa doki rukunin masu sayensa da iyakar abin da za a taya. Lafiyar ƙafa, hali da horo su ke yanke sauran. Mai doki a Kaya ba zai iya rage wa dabbarsa ko wata guda ba, amma yana iya faɗin gaskiyar abin da ke bakinta, domin duk nisan da tallar ta yi a waya, ranar karɓa sai an ɗage leɓe.