Zafin Abuja da kuɗin wuta: Yadda ake lissafin makarin zafin da silin ke buƙata

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa saukar ruwan farko a Afrilu, zafin Abuja kan haura digiri 35 da rana, wani lokacin ma ya doshi 40. Ma'aikacin da ya taso daga Sakatariyar Tarayya ya koma gida a Kubwa ko Lugbe ko Gwarimpa kan tarar da ɗakinsa na huci har bayan isha'i, alhali iskar waje ta riga ta lafa. A gidan da ba bene ba, da kuma hawa na ƙarshe na bene, kaso mai tsoka na wannan zafi ta sama yake shigowa. Kwanon rufi ya sha rana, ya gasa iskar da ke tsakaninsa da silin, silin kuma ya sauke wa mazauna ɗaki.

A da, maganin da mai hali ke yi shi ne ƙara na'urar sanyaya ɗaki. Amma tun ranar 3 ga Afrilun 2024, da hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ɗaya na wuta ga rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225, lissafi ya sauya. An ɗan rage farashin daga baya, sai dai ya tsaya sama da naira 200 ga masu sayen wutar AEDC da ke wannan rukuni. Duk zafin da silin ya bari ya wuce, mitar wuta ce ke biyansa.

Dabarar tare shi kuwa a ƙasashen sanyi ta fi bunƙasa. A arewacin Amurka da Kanada, ana hura niƙaƙƙiyar takarda da aka yi wa maganin wuta da ƙwari, ko kuma audugar gilashi, ta cikin mesa zuwa bayan silin, har ta kwanta kamar katifa. Su ɗumin ɗaki suke hanawa fita, mu kuma zafin rana muke son hanawa shiga, amma makarin da lissafin duk ɗaya ne. Ana auna ƙarfinsa da abin da ake kira lambar R: yawan lambar, ƙarancin zafin da ke ratsawa.

A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Wanda ya duba intanet zai ga ana ba mazauna jihohin sanyi na Amurka shawarar R-49 zuwa R-60, wato tulin da ya kai santimita 35 zuwa 45. Wannan ma'aunin Amurka ne, kuma sai an raba shi da 5.68 kafin ya koma ma'aunin mita da ake amfani da shi a Najeriya. R-49 ɗinsu kusan 8.6 ne a namu. Sun buƙaci wannan kauri ne domin sanyinsu na ɗaukar watanni, dare da rana. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta ƙaddamar a 2017, zamanin Babatunde Fashola, tare da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, 1.25 kacal ta gindaya a matsayin mafi ƙaranci ga rufi. Ɗan kwangilar da ya zo maka da lambar R bai faɗi ma'auninta ba, ka tambaye shi kafin ka sa hannu.

Lissafin kansa ba ya buƙatar injiniya. Kowane makari na da lambar da ke nuna yadda zafi ke ratsa shi. Ta audugar gilashi da ta niƙaƙƙiyar takarda duk wajen 0.04 ce. Idan aka ninka ta da lambar R da ake nema, sai kauri ya fito a mita. Wato 1.25 sau 0.04 ya ba da 0.05, santimita 5 ke nan. Mai son ninki biyu ya nemi santimita 10.

Sai faɗin silin. Silin ake aunawa, domin kwano na da gangara da baki mai fitowa waje, kuma wanda ya bari aka auna masa kwano zai biya kuɗin abin da ba a shimfiɗa ba. Mu ɗauki gida mai ɗaki uku, tsawo mita 12, faɗi mita 10: murabba'in mita 120. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanke-yanke, ya zama 132. Idan naɗaɗɗiyar audugar gilashi aka samu a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, kuma naɗi ɗaya na rufe murabba'in mita 12, naɗi 11 ake buƙata. Girman naɗi ya bambanta, don haka a karanta abin da ke jikinsa. Idan kuwa na hurawa ne, 120 sau 0.05 ya ba da kubik mita 6. Takarda takan kwanta da kusan kashi 20 cikin 100 bayan an hura ta, saboda haka mai son santimita 5 ya sa a hura fiye da 6. A Amurka jadawalin da ke jikin buhu na faɗin buhu nawa ake buƙata, kuma masu gida kan ƙirga buhunan da aka zazzage. Al'ada ce da ta cancanci aro.

Ko ya kamata a wuce santimita 5? Mu ƙaddara bayan silin ya kai digiri 55 da azahar, ana son ɗaki a 25, kuma silin tsirara na da ƙarfin kusan 0.3. Wat 100 ke ratsa kowane murabba'in mita, wato wat 1,600 a ɗaki mai murabba'in mita 16. Wannan ya haura rabin ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya. Da santimita 5 na makari, adadin ya sauko kusan wat 310. Da santimita 10, kusan 170. Shimfiɗar farko ta kawar da wat 1,300, ta biyu kuma 140 kawai. A farashin naira 200, shimfiɗar farko na iya rage wajen naira 450 a duk ranar da na'urar ta yi awa biyar tana aiki cikin wannan zafi, a ɗaki ɗaya. A ganina, santimita 5 a ko'ina ba giɓi ya fi santimita 15 a falo kaɗai, kuma abin da ya haura 10 a Abuja kuɗi ne da ya fi dacewa da labule ko rumfar taga. Magina na dā a Kano da Zariya, da suka ɗora ƙasa mai kauri bisa azara, sun san amfanin rufi mai jinkirta zafi tun kafin a ba shi lamba.

Kafin a shimfiɗa komai, sai an shiga cikin silin da tocila. Damina a Abuja na kaiwa Oktoba, kuma makarin da ya jiƙe ya daina aiki, ya yi nauyi, ya ɓata POP. Don haka a fara toshe yoyo. Mai gyaran wuta ya duba wayoyi, domin haɗin da aka naɗe da salatif aka jefar a bayan silin na iya yin zafi idan an binne shi, haka ma fitilun da ake nutsarwa cikin silin, waɗanda ake bar wa fili. Silin roba ba ya son nauyi kuma yana da kafofi, shi ya sa naɗaɗɗen makari da aka ɗora bisa katako ya fi dacewa da shi. Kada a toshe ramukan shan iska na bakin rufi, sai dai a sa musu raga saboda ɓeraye da jemagu. Masu aikin su sa takunkumi da safar hannu, domin audugar gilashi na sa ƙaiƙayi.

Waɗanda suka mallaki gidajensu lokacin sayar da gidajen gwamnati a Abuja, tsakanin 2005 da 2007, ikon yin aikin na hannunsu. Ɗan haya kuwa, wanda shi ke sayen wuta amma silin ba nasa ba ne, sai ya nemi yardar mai gida a rubuce, ya kuma nemi a cire kuɗin daga haya, ko ya taƙaita aikin ga ɗakin kwana: murabba'in mita 16, naɗi biyu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba ko Janairu, da sassafe, sa'ad da rufi ke bushe kuma mutum zai iya zama cikin silin.