Kakin Jamus ko jabu? Yadda ake gane ainihin kayan sojan da kakanni suka bari

Ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan maƙwabtan Zariya ne, inda tun 1924 aka kafa makarantar horas da kuratan soja. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a buɗe tsohuwar adaka a gidan da kaka ya yi soja, a tarar da jar dara, ko lambar yabo, ko kakin da asu ya fara ci.

Irin waɗannan kaya suna da kasuwa a Turai da Amurka, musamman na hafsoshin Jamus. Tsadarsu ce ta sa jabu ya yi yawa. Mai saye yana iya zuba kuɗi a kan ɗinkin jiya, magada kuma suna iya miƙa wa ɗan gwangwan tarihin gidansu a kuɗin ƙarfe.

A fara auna labarin

Kafin a taɓa yadi, a tambaya: ta wace hanya kayan Jamus suka iso ƙasar Zazzau?

Sojojin Najeriya sun gwabza da Jamusawa a yaƙin duniya na farko. Daga Agustan 1914 suka shiga Kamaru, wadda take hannun Jamus a lokacin. Garwa ta faɗi a Yunin 1915, sansanin dutsen Mora kuma, ƙarƙashin Kyaftin Ernst von Raben, bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Daga nan aka tura wasu Gabashin Afirka, suka ci gaba da fafatawa da Jamusawa.

A wancan yaƙin har da 'yan ƙasar nan a ɓangaren Jamus. Chari Maigumeri ya fara soja ne a rundunar Jamus ta Kamaru, aka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga rundunar Najeriya. Yau akwai barikin da ke ɗauke da sunansa a Lokoja.

A yaƙin duniya na biyu kuwa, mazan jiyanmu Italiyawa suka yaƙa a Somaliya da Habasha a 1941, sannan Japanawa a Burma. Barikin Chindit na Zariya ma daga yaƙin Burma ya samo sunansa. Don haka duk wanda ya kawo kakin hafsan Hitler ya ce kakansa ne ya ƙwato shi a Burma, da walakin, goro a miya.

Abin da kaki ke faɗa

Rundunar Jamus ta Kamaru kaki ruwan ƙasa take sawa. Hafsoshinta Turawa suna da malafa mai ruwan toka da aka naɗe gefenta na dama, da jan ƙyalle a kewaye. Fari na Gabashin Afirka ne, shuɗi kuma na Namibiya ta yanzu. Sojoji baƙaƙe jar dara suke sawa mai tambarin gaggafa.

Hafsan Jamus da kuɗinsa yake ɗinka kaki wajen tela. Shi ya sa masana ke fara leƙa aljihun ciki, inda tela kan liƙa sunan shagonsa, sau da yawa har da sunan mai rigar da ranar ɗinki. Kakin ƙaramin soja kuwa hatimin ma'ajiyar soja ake samu a jikin shafinsa.

Sai zare. Kayan wancan zamani na ulu ne da auduga da lilin. Idan aka ƙona ɗan silin ulu, ƙaurin gashi yake yi ya zama toka, zaren roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Fitilar da ake gane jabun kuɗi da ita ma tana aiki: farin yadin zamani yakan yi ƙyalli a ƙarƙashinta saboda sinadarin ƙara haske. Sai dai wankin omo yana iya sa tsohon yadi ƙyalli, don haka gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci.

A kuma duba ko tsufan ya tafi daidai. Rigar da wuyanta da bakin hannunta suka goge, amma tambarin kafaɗarta na sheƙi, alama ce an liƙa mata shi daga baya don ta yi tsada.

Lambobin yabo

Shahararriyar lambar Jamus, gicciyen ƙarfe, ba zubi ɗaya ba ce. Baƙin ƙarfe ne a tsakiya, aka haɗa masa firam biyu gaba da baya, don haka maganaɗisu yakan kama tsakiyar. Ta 1914 tana da kambi da harafin W, ta 1939 tana da tambarin 'yan Nazi, a 1957 kuma Jamus ta Yamma ta fitar da wata da aka maye tambarin da ganye.

Lambobin Birtaniya su aka fi samu a gidajenmu. Na yaƙin farko an buga musu lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa. Tauraron Burma kuwa babu suna aka raba shi, shi ya sa takardar sallama da hoto ne kaɗai ke haɗa shi da mai shi. Idan aka raba lamba da takardarta, darajar duka biyun ta faɗi.

Kafin a sayar

Kada a wanke kaki, kada a goge lamba da toka ko yashi, domin tsufan nan shi ne shaidar. A ɗauki hoto, a rubuta abin da dattawan gida suka sani tun suna raye.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Wanda ke neman shawara yana iya zuwa gidan tarihi na Kaduna ko Gidan Arewa. Kuɗin da dillali zai bayar kasuwa ɗaya za su ci, lambar kaka kuwa idan ta fita gida ba ta dawowa.