Babban Kanti da Tsohuwar Kasuwa: Wa Ke Cin Abincin Wa?

A shekarar 1934 wani masanin ilimin halittu ɗan ƙasar Rasha, mai suna Gause, ya zuba iri biyu na wata ƙanƙanuwar halittar ruwa da ake kira faramisiyum cikin kwalba ɗaya, ya riƙa ba su abinci iri ɗaya. Cikin 'yan makonni iri ɗaya ya yaɗu, ɗayan ya ƙare. Amma da ya haɗa waɗansu iri biyu, ɗaya na kiwo a tsakiyar ruwan, ɗaya a gindin kwalbar, sai duka suka rayu. Wato zama wuri ɗaya ba ya kisa, sai in abincin ɗaya ne.

Ɗalibi na iya auna kasuwanci da wannan ma'auni. A 1988 Kenneth Stone, masanin tattalin arziki a Amurka, ya bi diddigin garuruwan jihar Iowa da kantin Walmart ya shiga. Ya tarar cewa masu sayar da irin kayan kantin sun yi asarar ciniki, alhali waɗansu masu wata haja dabam sun ƙaru da jama'ar da ya jawo.

To, yaya abin ya kasance a Kano? A 2014 aka buɗe rukunin kantunan Ado Bayero a titin Gidan Zoo, da Shoprite a cikinsa. Kantin yana sayar da kaya a ƙunshe, farashi a rubuce, kuɗi hannu. Kasuwa kuwa tana auna shinkafa da mudu ko gwangwani, ana tayi ana albarka, kuma mai shago yakan ɗaga wa wanda ya sani ƙafa har ƙarshen wata. Mai neman dilar atamfa Kantin Kwari zai nufa, mai sarin sukari da taliya kuma Singa. Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kiwonta dabam ne ƙwarai. Waɗanda suka haɗa akushi da sabon kantin su ne matsakaitan kantunan zamani, masu dogaro da ma'aikaci mai albashi da mota.

Shi ma babban kanti yana da nasa rauni: sanyaya ɗaki da firji suna shan lantarki da man dizal, kayan waje kuma suna tsada in darajar naira ta faɗi, kamar yadda ta faɗi daga 2023. A watan Janairun 2024 Shoprite ya rufe reshensa na Kano.