Mu Duba Kafin Mu Sauko da Fayil

'Yan'uwa manoma, yau takardun rancen taki ta waya suke iso mana. Idan muka taɓa mahaɗi, Chrome yakan sauko da fayil ya ajiye a jakar Downloads. A saitinsa akwai wurin da za mu sa ya riƙa tambayarmu inda zai ajiye. Mu kunna wannan.

Sa'an nan mu dubi ƙarshen sunan fayil. Pdf takarda ce ta karatu. Apk kuwa manhaja ce mai shiga wayar Android, ta ɓarayi tana iya karanta lambar sirrin da banki ya aiko, kuɗin ƙungiya su salwanta. Ma'aji ya share ta nan da nan.

Mahaɗi mai farawa da tel: lamba kawai yake fitarwa, ba ya kira sai mun danna.