Fluctuate: kalmar da ba ta zama wuri ɗaya

A unguwar Moshi Zango, idan firji ya lalace, mai gyara yakan buɗe bayansa, ya shinshina ƙaurin waya, ya ce, "Hajiya, wutarku ce ke fluctuate." Ba ɗauke wuta yake nufi ba. Wannan ai dumsor ce, kalmar Asante mai nufin a kashe a kunna. Yana nufin wutar tana nan, ƙarfinta ne ba ya tsayawa: ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi, can ya haska kamar zai fashe, fanka ta lafa ta kuma zabura.

Kalmar ta Ingilishi ce, tushenta fluctus na Latin, wato igiyar ruwa. Fluctuate aikatau ce, sunanta fluctuation. Da Hausa sai mu ce hawa da sauka, amma irin wanda ba ka iya cewa ga inda zai nufa gobe.

A nan ake yawan yi wa kalmar rashin adalci. Mai shago a kasuwar Kejetia zai ce maka farashin shinkafa yana fluctuate, alhali wata shida kenan buhu bai taɓa sauka ko da sidi ɗaya ba. Wannan hauhawa ce tsagwaronta. A ganina, ana aro Turancin ne don a sanyaya wa mai saye rai, ya tafi da zaton gobe za a samu sauƙi.

Wanda ke son ganin ma'anar da idonsa ya tuna 2022. A Janairu dala ɗaya tana wajen sidi 6. Kafin ƙarshen Nuwamba ta kusa 15 a hannun 'yan canji. Sai ga Disamba, cikin 'yan kwanaki ta rikito zuwa wajen 10, sabuwar shekara na kamawa ta sake miƙewa. Ɗan kasuwar da ya sari kaya dala tana sama ya wayi gari maƙwabcinsa na sayar da irinsu ƙasa da kuɗin sarinsa. A layin 'yan canji na Alabar, farashin safe daban, na la'asar daban.

A jimlar Turanci, ana yawan biyo ta da between, a ambaci iyaka biyu: tsakanin kaza da kaza. A asibiti ma za ka ji ta, idan awon jinin tsoho yau ya hau gobe ya sauka, nas ta ce, "Baba, jininka na fluctuate, ka dawo jibi mu sake aunawa."