Wai Sanata Mai Ci Ba Ya Faɗuwa?

Da zarar sanata mai ci ya ce zai sake tsayawa, sai ka ji ana cewa a majalisar hira: "Ai wannan ya riga ya ci, zaɓen cika sharaɗi ne kawai." Masu faɗar haka ba sakarci suke yi ba, abin da suka gani ne. Sun ga yadda ake kwana da daliget a otal kafin zaɓen fidda gwani. Sun ga abin da ya faru a Yobe ta Arewa, inda Bashir Machina ya ci zaɓen fidda gwani na APC, amma a Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta miƙa tikitin ga sanata mai ci, Ahmad Lawan. Wanda ya ga wannan, idan ya yanke ƙauna, ba za a zarge shi ba.

Sai dai ina ganin an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Ƙarfin mai ci yana cikin jam'iyya, inda mutane ƙalilan ke yanke hukunci a ɗaki. Ranar babban zaɓe kuwa, akwatin yana hannun talakan da ya tsaya a layi cikin rana.

Mu dubi Kano ta Kudu. Kabiru Gaya tsohon gwamna ne, ya shiga Majalisar Dattawa a 2007, ya yi zango huɗu a jere. A wancan lokaci, a cikin APC babu mai iya karɓe masa tikiti. Kawu Sumaila ya gwada a 2019 bai samu ba. Da ya koma NNPP, suka haɗu a gaban jama'a ranar 25 ga Fabrairun 2023, mutanen ƙananan hukumomi goma sha shida na mazaɓar, daga Rano har Tudun Wada, suka kayar da Gaya da tazara mai faɗi.

Za a ce guguwar Kwankwasiyya ce ta kwashe shi. Ta taimaka, ban musa ba. To amma a wannan ranar, a wannan jihar, ƙarƙashin tsintsiyar nan ta APC, Barau Jibrin shi ma mai ci ne, kuma ya tsira da kujerarsa a Kano ta Arewa. Guguwa ba ta tantancewa. Masu zaɓe ne suka tantance, kowace mazaɓa ta auna nata wakilin da mudunta.

Kafin wannan ma, a 2019, Bukola Saraki yana shugabancin Majalisar Dattawa gaba ɗaya Ibrahim Oloriegbe ya kayar da shi a Kwara ta Tsakiya.

Abin da ke damuna da maganar cewa mai ci ya riga ya ci shi ne wanda take yi wa aiki. Duk matar da ta ajiye katin zaɓenta a ƙasan adaka don an ce mata an gama, ƙuri'a ɗaya ce da mai ci bai sha wahalar nema ba, bai kuma ji tsoron rasa ta ba. Matan Sumaila da Takai da suka fito a 2023 ba su saurari masu cewa an gama ba.